RUST_LOG da env_logger: tambayoyin da masu rubuta manhaja da Rust suka fi yi

Duk wanda ya fara rubuta manhaja da Rust, ba ya daɗewa sai ya ci karo da `env_logger`. Ƙaramin laburare ne, aikinsa ɗaya: ya karɓi saƙonnin log, wato bayanan da manhajarka ke fitarwa kan abin da take yi, ta hanyar ƙunshin (crate) `log`, ya duba abin da aka rubuta a saitin muhalli mai suna `RUST_LOG`, sannan ya yanke wanda za a nuna da wanda za a yi shiru a kansa. Sauƙinsa ne ke sa mutane su tsallake karatun yadda yake aiki, daga baya su kwana suna neman kuskuren da ba ya cikin kod ɗinsu.

Mene ne saitin muhalli, kuma me ya sa ake sarrafa log da shi?

Saitin muhalli suna ne da ƙima, kamar `RUST_LOG=info`, wanda tsarin kwamfuta ke miƙa wa manhaja a daidai lokacin da ake tayar da ita. Manhajar da ta tayar da wata ita ce ke ba ta nata kwafin. Wato idan ka buga umarni a taminal, shel ɗinka, wato manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, shi ne ke miƙa wa manhajar jerin saitunan, ita kuma ta riƙe su har ta tsaya.

Amfaninsa ga log a fili yake. Yawan bayanin da kake so ka gani ya danganta da inda manhajar take aiki. A kwamfutarka kana so ka ga komai, a saba kuwa gargaɗi da kurakurai sun wadatar, ranar da matsala ta taso kuma kana so ka ƙara wa sashe ɗaya murya na ɗan lokaci. Idan matakin yana kafe cikin kod, kowane irin wannan canji sai ka gyara, ka sake harhaɗawa, ka sake turawa. Da saitin muhalli, fayil ɗin manhajar guda ne ko'ina, abin da ke kewaye da shi ne ke canzawa. Wannan ra'ayin ne Adam Wiggins na kamfanin Heroku ya tsara a cikin ƙa'idojin Twelve-Factor a 2011: saiti ya zauna a muhalli, log kuma ya riƙa kwarara waje, wanda ke gudanar da manhajar ya yanke inda za a tara shi.

Na sa `info!` a wurare da dama, amma ba na ganin ko layi ɗaya. Me ya faru?

Ɗayan biyu ne. Ko dai ba ka kira `env_logger::init()` a farkon `main` ba, ko kuma ba ka saita `RUST_LOG` ba.

Ƙunshin `log` shi kaɗai ba ya rubuta komai. Ƙofa ce kawai, sai an ajiye mai karɓa a bayanta. Idan babu mai karɓa, saƙonni na faɗawa babu inda suke zuwa, kuma ba za a yi maka gargaɗi ba. Haka nan duk saƙon da ya fita kafin a kira `init()` ya ɓace ke nan.

Idan ka kira shi amma `RUST_LOG` babu shi, `env_logger` yana tsayawa a matakin `error`. Gwada `RUST_LOG=info cargo run`, za ka ga abin da ka rubuta.

Matakan nawa ne?

Biyar, daga mai tsanani zuwa mai yawan surutu: `error`, `warn`, `info`, `debug`, `trace`. Matakin da ka zaɓa yana tafiya da duk na samansa, don haka `info` zai nuna maka `warn` da `error` ma. Akwai kuma `off` mai rufe komai. Babban baƙi ko ƙarami duk ɗaya ne a sunan mataki.

Idan na sa `debug` sai saƙonnin wasu laburare su rufe nawa. Yaya zan buɗe sashen da nake so kawai?

Nan ne `RUST_LOG` ya fi amfani, nan ne kuma aka fi yin tuntuɓe. Ƙimarsa jerin umarni ce da waƙafi ya raba, kowanne suna ne da mataki. A ce sunan manhajarka `kasuwa`, tana da sashen `biya` da sashen `rumbu`:

`RUST_LOG=warn,kasuwa=info,kasuwa::biya=trace`

Ma'anarsa: kowa ya tsaya a `warn`, kod ɗin `kasuwa` ya kai `info`, sashen biyan kuɗi kuma ya faɗi duk abin da ya sani. Wanda ka fara rubutawa ba shi ke da iko ba. Ga kowane saƙo, `env_logger` yana neman sunan da ya fi tsawo cikin waɗanda suka dace da tushen saƙon, wato sunan sashen kod ɗin da ya fito daga ciki, shi yake bi. Saƙo daga `kasuwa::biya::kati` ya dace da `kasuwa`, ya kuma dace da `kasuwa::biya`, sai na biyun ya yi nasara saboda ya fi tsawo.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Idan ka rubuta `RUST_LOG=kasuwa=debug` shi kaɗai, ba tare da matakin kowa da kowa a gaba ba, duk abin da ba na `kasuwa` ba ya yi shiru gaba ɗaya, har kurakuransa. Matakin `error` da ake samu idan babu saiti ba ya nan yana jira a baya. Sai ka ga mutum ya buɗe `debug` don ya gano dalilin da haɗi da wata saba ke yankewa, alhali da hannunsa ya toshe bakin laburaren sadarwa irin `rustls` ko `reqwest`, waɗanda watakila su ne ke ɗauke da amsar. Saboda haka ni kullum da mataki na gama-gari nake farawa: `warn,kasuwa=debug`. Haruffa biyar ne ƙari.

Wasu ƙananan abubuwa biyu. Suna ba tare da mataki ba, kamar `RUST_LOG=kasuwa`, yana nufin a buɗe wa wannan sunan komai har `trace`. Sannan ana duba farkon suna ne kawai, don haka `kasuwa` zai kama wani ƙunshi mai suna `kasuwa_waya` ma, ko ba shi ka nufa ba.

Ana iya yin akasin haka, a buɗe kowa a rufe mai surutu: `debug,rustls=warn`.

Na rubuta sunan ƙunshin kamar yadda yake a Cargo.toml, fayil ɗin saitin aikin Rust, amma bai yi aiki ba.

Duba ko akwai karan ɗori a sunan. Rust yana mayar da shi layin ƙasa a cikin kod, don haka ƙunshi mai suna `kasuwa-saba` tushen saƙonninsa `kasuwa_saba` ne, haka kuma za ka rubuta shi a `RUST_LOG`. Ba za a ce maka ka yi kuskure ba, domin a wurin `env_logger` suna ne halastacce wanda dai babu saƙon da ya dace da shi.

Hanya mafi sauri ta sanin sunan gaskiya: kunna da `RUST_LOG=debug` sau ɗaya, ka dubi abin da ke cikin alamar baka `[ ]` a farkon kowane layi. Za ka ga lokaci, da mataki, da tushen saƙon. Wannan tushen za ka kwafa. Idan mai kod ya ba saƙo tushe na musamman, kamar `info!(target: "lissafi", ...)`, to `lissafi` za ka rubuta, sunan sashen da layin yake ciki ba zai kama shi ba.

Zan iya tace saƙonni da kalmar da ke cikinsu?

E. Bayan jerin umarnin sai ka sa alamar `/` ka rubuta abin da kake nema. `RUST_LOG=info/oda` zai nuna saƙonnin `info` da na sama waɗanda ke ɗauke da kalmar. Tacewar guda ce ga dukkan jerin, kuma tana hawa kan kurakurai ma: kuskuren da babu kalmar a cikinsa ba za ka gan shi ba. Ya dace da bincike na minti kaɗan. Kada a bar shi a saba.

Na saita `RUST_LOG`, `echo` ma ya nuna min shi, amma manhajar ba ta gani.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wa ya tayar da manhajar? Daga wurinsa take gādon muhallinta, taminal ɗin da kake kallo ba ruwanta da shi sai idan shi ya tayar da ita.

A Linux ko macOS, idan ka buga `RUST_LOG=debug` a layinsa shi kaɗai ka danna shiga, shel ya riƙe wa kansa ne. `echo` zai nuna shi, amma manhajojin da za ka tayar ba za su samu ba sai ka yi `export RUST_LOG=debug`, ko ka rubuta shi a layi ɗaya da umarnin. A PowerShell ana rubuta `$env:RUST_LOG="debug"`, a tsohon cmd na Windows kuma `set RUST_LOG=debug`.

Idan da `sudo` kake kunnawa, a yawancin tsare-tsare yana share muhallinka kafin ya tayar da manhajar, don tsaro. Sai ka sa saitin bayan kalmar `sudo`, ko ka yi amfani da `sudo -E` in an ba ka izini.

Idan systemd, mai tayar da ayyuka a Linux, shi ne ke kula da manhajar, ba ya karanta `.bashrc` ɗinka. Yi `systemctl edit` da sunan aikin, ka ƙara `Environment=RUST_LOG=warn,kasuwa=info` a ƙarƙashin `[Service]`, ka sake kunna aikin, sannan ka duba da `journalctl -u`. In da hannu ka gyara fayil ɗin aikin, kada ka manta da `systemctl daemon-reload`.

A Docker, mai gudanar da manhaja a cikin keɓaɓɓiyar kwantena, `-e RUST_LOG=info` ne ko `--env-file`, a Compose kuma sashen `environment`. Kwantena tana karɓar muhallinta ne ranar da aka ƙirƙire ta, don haka `docker restart` ba ya kawo sabon saiti, sai an sake ƙirƙirarta. Fayil ɗin `.env` da ke gefen fayil ɗin Compose kuwa, aikinsa cike gurabe a cikin fayil ɗin Compose ɗin kansa. Ba ya shiga cikin kwantena sai ka umarce shi. A Kubernetes, `kubectl set env` yana canza saitin ya kuma tayar da sababbin kwantenoni a madadin tsofaffin.

In duk ka bi waɗannan har yanzu kana shakka, a Linux ka tambayi manhajar da kanta. Nemo lambar da tsarin ya ba ta (PID), sannan ka buga `tr '\0' '\n' < /proc/LAMBA/environ`. Abin da ya fito shi ne muhallin da aka tayar da ita da shi, gardama ta ƙare.

Na sa shi a fayil ɗin `.env` na manhajata.

`env_logger` bai san da wannan fayil ba. Sai wani ƙunshi irin `dotenvy` ya karanta shi ya zuba abin da ke ciki a muhalli, kuma dole hakan ya faru kafin `env_logger::init()`. Idan layukan biyu suka juya, an riga an duba an ga babu komai. Ka kuma sani cewa `dotenvy` a yadda ya saba aiki ba ya danne saitin da ya tarar, don haka wani tsohon `export` da ka yi da safe ka manta zai rinjayi abin da ke cikin fayil.

Zan iya canza mataki manhaja na aiki, ba tare da na kashe ta ba?

Da `env_logger`, a'a. Sau ɗaya yake karanta saitin, lokacin `init()`. Kuma babu wata tsaftatacciyar hanya da za ka canza muhallin manhajar da ta riga ta tashi daga waje.

Wasu na dabarar kiran `std::env::set_var` a cikin kod kafin `init()`. Ban ba da shawarar haka ba. A bugun Rust na 2024, wanda ya zo da Rust 1.85 a Fabrairun 2025, an mayar da wannan kiran `unsafe`, domin canza muhalli yayin da wani zaren manhajar ke karanta shi yana iya rikita ƙwaƙwalwar ajiya. Wanda aikinsa ke bukatar canza mataki a tsakiyar gudu ya dubi `tracing-subscriber`, yana da hanyar sake loda tacewa.

To yaya zan sa `info` ya zama matakin farko idan ba a saita komai ba?

`env_logger::Builder::from_env(Env::default().default_filter_or("info")).init();`

Wanda ya saita `RUST_LOG` nasa za a bi, wanda bai saita ba ya samu `info`. Ga manhajar da ke zaune a saba, ina ganin wannan wajibi ne. Manhajar da ta tashi ba ta ce uffan ba, mai kula da ita ba zai san ko ta kama aiki ko ta maƙale ba, kuma sau da yawa ba shi ne ya rubuta ta ba, bai ma san akwai wani abu mai suna `RUST_LOG` ba.

Idan kuma manhaja ce da za ka raba wa jama'a su sauke, ba ta sunan saitinta na kanta: `Env::new().filter("KASUWA_LOG")`. Dalili kuwa, muhalli gādonsa ake yi. Wanda ya yi `export RUST_LOG=trace` saboda wani aikinsa, duk manhajar Rust da ya taɓa a wannan taminal za ta fara zuba masa bayanai. Masu Rust kansu haka suka yi: Cargo yana sauraron `CARGO_LOG`, mai harhaɗa kod ɗin kuma `RUSTC_LOG`.

`debug` na fita a kwamfutata, amma a wadda aka harhaɗa don saba ba ya fita ko me na saita.

Buɗe Cargo.toml ka nemi wani abu kamar `release_max_level_info` a layin ƙunshin `log`. Wannan zaɓin yana cire saƙonnin da ke ƙasa da matakin tun lokacin harhaɗawa. Ba sa cikin fayil ɗin manhajar kwata-kwata, babu saitin da zai dawo da su. Zaɓin na iya fitowa daga wani ƙunshi da kake dogara da shi, tunda Cargo yana haɗe zaɓuɓɓukan kowa wuri guda, kuma `cargo tree -e features` zai nuna maka wanda ya kunna shi. Laburare bai kamata ya kunna irin wannan ba, hukuncin mai manhaja ne.

Na tura log zuwa fayil da `>`, fayil ɗin ya fito wayam.

`env_logger` yana rubutu ne a mafitar kurakurai, `stderr`, alamar `>` kuma mafitar sakamako, `stdout`, take kamawa. Yi `2> log.txt`. An yi haka da gangan, don kada log ya cakuɗe da ainihin sakamakon manhaja idan aka miƙa shi ga wata.

In kuma ka ga wasu baƙaƙen alamomi kamar `[32m` a cikin fayil, lambobin launi ne. `RUST_LOG_STYLE` ke kula da su, yana karɓar `auto`, `always` ko `never`.

Lokacin da ke kan layukan ya yi baya da awa ɗaya.

Agogonka lafiya yake. Harafin `Z` da ke ƙarshen lokacin yana nufin UTC, Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi kuma suna gaba da UTC da awa ɗaya. Wanda ke Ghana ba zai ga bambanci ba. Shawarata ka bar shi haka. Ranar da za ka jera log na sabar da ke Turai da na wadda ke Legas don ka ga abin da ya riga wani faruwa, za ka gode da agogo guda suke bi.

Akwai laifi in bar `trace` a kunne a saba, don kada in rasa komai?

Akwai, kuma ba laifi ɗaya ba.

Saƙon da matakinsa ke rufe kusan kyauta ne: kwatanta lamba ɗaya ake yi a wuce, ko abubuwan da za a rubuta ba a lissafawa. Da zarar ka buɗe, kowane layi sai an tsara shi an rubuta shi, kuma laburaren sadarwa na iya fitar da layuka da yawa a kan buƙata guda. Ko buɗe `trace` ga sashe ɗaya yana da ɗan kuɗinsa, domin matakin ƙoli na manhajar duka ya koma `trace`, kowane kira sai ya je an duba sunansa kafin a mayar da shi.

Sai faifai. Docker a yadda yake zuwa yana tara log a fayil ba tare da iyaka ba, sai ka saita `max-size` da `max-file`. Ƙaramar saba ta haya ba ta da wurin da za ta jure wannan, in faifai ya cika kuma rumbun bayanai ne kan fara faɗuwa.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da ake rubutawa a waɗannan matakan. A `debug` ne mai kod ke zubar da dukan abin da ya shigo don ya gani da idonsa: lambar waya, adireshi, tokin shiga, wani lokaci har kalmar sirri. Ya rubuta ne yana tunanin kwamfutarsa kaɗai. Ranar da wani ya canza kalma ɗaya a saitin saba, bayanan mutanen da suka amince da kai sun koma cikin fayil da ma'aikata da dama ke iya buɗewa, ana kuma kwafarsa zuwa wasu wurare. Don haka abin da bai kamata a gani ba kada a rubuta shi a kowane mataki. In kuma bincike ya tilasta buɗe `debug` a saba, a buɗe wa sashe ɗaya, a rufe da an gama.

Tunda kalmomin sirri ma a muhalli ake ajiye su, babu haɗari a haɗa su wuri ɗaya da saitin log?

`env_logger` sunaye biyu kawai yake karantawa, na tacewa da na launi, kuma ba ya fassara abin da ke cikin saƙo. Haɗarin daga wurinka yake: kada ka taɓa rubuta dukan muhalli a log da sunan kana duba saiti lokacin tashi.

Tambayar tana da tushe. A Disambar 2021 aka bayyana ɓarakar Log4Shell a laburaren Log4j 2 na Java. Shi yana fassara wasu alamomi da ya gani a cikin saƙo, har da masu cewa a ɗauko ƙimar wani saitin muhalli, sai maharan suka riƙa turo rubutun da zai sa saba ta aika musu da makullan sirrinta ko ta ɗauko kod daga waje ta gudanar. Matakin gaggawa da aka fara yaɗawa shi ma saitin muhalli ne, `LOG4J_FORMAT_MSG_NO_LOOKUPS=true`, daga baya aka gano bai toshe kowace hanya ba, sai an sabunta laburaren.

Gwaje-gwajena na fashewa da cewa an riga an saita mai log.

Manhaja mai karɓar log ɗaya take da shi, `init()` na biyu yana kayar da ita. Gwaje-gwajen `cargo test` kuma da yawa a cikin manhaja guda suke gudana. A kowane gwaji yi amfani da `let _ = env_logger::builder().is_test(true).try_init();`. Na farko ya saita, sauran su wuce, kuma za a nuna maka log ɗin gwajin da ya faɗi kaɗai.

Shin `RUST_BACKTRACE` ɗan gidansu ne?

A'a. Shi Rust kansa ke karanta shi, don ya nuna jerin kiraye-kirayen da suka kai ga faɗuwar manhaja. Bai shafi log ba.

Idan na koma `tracing`, ko wani yaren daban, ilimin nan ya tashi a banza?

`EnvFilter` na `tracing-subscriber` shi ma `RUST_LOG` yake karantawa, kuma rubutu irin `warn,kasuwa=debug` yana aiki a can. Ya ƙara da iya tacewa da sunan zango (span, wato wani yanki na aikin da aka sa wa suna) da ƙimar da ke cikinsa, ta yadda za ka bi buƙatar mutum ɗaya daga shigarta har fitarta. Tacewa da `/` dai ta `env_logger` ce.

A sauran wurare sunaye ne ke canzawa. Ƙunshin `debug` na Node.js yana duba `DEBUG`, kamar `DEBUG=express:*`. Spring Boot yana karɓar `LOGGING_LEVEL_ROOT`, .NET kuma `Logging__LogLevel__Default` da layin ƙasa bibbiyu. Terraform yana da `TF_LOG`. Sashen `logging` na Python shi ba ya duba kowane saitin muhalli da kansa, kai za ka karanta da `os.environ` ka miƙa masa, kuma a can manyan baƙaƙe yake so: `"DEBUG"` zai karɓa, `"debug"` kuwa zai ƙi, don haka ka sa `.upper()` kafin ka ba shi.